Jinin Baba a Tsinken Gilashi

Injin yana da wata siririyar ƙara, kamar ta fankar da aka ƙure wa gudu, kuma yana sa kwalaben da ke kan teburin su riƙa taɓa juna a hankali. Minti biyar ya yi yana juyawa. Ina tsaye a tagar labo, ɗakin gwajin jini na asibiti, da karnen Baba, wato littafinsa na asibiti, a hannuna, warin alkol ɗin goge fata yana shiga mini hanci. Baba yana gefena a kujerar guragu, ya rufe ido. A lokacin ban san abin da injin ke yi ba. Daga baya na gane raba jinin mahaifina yake yi gida biyu, don a ga nawa ne jini, nawa ne ruwa.

Ina rubuta wannan ne saboda gidaje irin namu, inda nama ba ya yankewa a tukunya, inda in ka ce wani ba shi da jini dariya za a yi maka.

Baba mahauci ne, ubansa ma haka. Yana da teburi a babbar kasuwar Garwa, kuma shi da kansa yake zuwa karar shanu a Gider ko Pitowa ya zaɓo abin yanka. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka ba ya faɗin sunana, Uwata yake ce mini. Ni ce kuma mai karanta takardun gidanmu tun ina 'yar shekara goma. Baba yana jin Fillanci kamar a ruga aka haife shi, amma Faransanci sai na ciniki. Duk takardar da ta shigo gidan, ajiyewa ake yi a ce sai Uwata ta dawo.

Da damina na dawo hutu daga jami'ar Ngaundere. A makon farko abin da na fara lura da shi ƙanƙara ce. Baba yana tauna ƙanƙara, ƙurus-ƙurus, safe da yamma, har ranar da aka wuni ana ruwa kowa na neman mayafi. Sai kuma na ga in ya dawo daga masallaci, tafiyar da ba ta kai a ce tafiya ba, yana zama a dakalin maƙwabta kamar mai jiran wani. Ya daina saɓa cinyar saniya a kafaɗa, abin da yake taƙama da shi. Ya ce wa Inna yana jin ana buga masa ganga a kunnen hagu. Na ji maganar ta yi mini kyau, har na rubuta ta a littafin da nake tara kalmomi. Wannan abu yana cikin waɗanda na kasa yafe wa kaina.

Akwai kuma ƙwayoyin. Shekara da shekaru na ɗaukar nama sun bar masa ciwon baya, kuma kowace safiya, kafin ya sa komai a ciki, yana haɗiye biyu da baƙin shayi. Wurin mai tallan magani a kasuwa yake saye. Maganin gajiya ake ce musu, rabin mahautan layinsu suna sha. Ba wanda ya ɗauke su a matsayin magani ma, kamar goro suke.

A mako na biyu shawarwari suka fara zuwa. Inna ta ce zazzaɓin damina ne, aka sha maganin palu, wato maleriya, ba abin da ya sauya. Gwaggo Ladi, yayar Baba, ta zo ta dube shi ta ce ciwon shawara ne, ta aiko da saiwoyi. Shi kuwa Baba ya riga ya yanke hukunci. Kansa yana ciwo, ƙeyarsa ta yi nauyi, idonsa yana duhu in ya miƙe, to jini ne ya yi masa yawa, ya mutu a kafaɗa. Maganin mataccen jini kuwa ƙaho ne. Inna ta gaya mini tun bayan sallah sau uku ke nan ana yi masa, kuma kowane lokaci yana cewa ya ji sakayau.

Ranar wata Laraba da hantsi Baba Ɗanjuma wanzami ya zo. Abokin Baba ne tun suna yara, shi ya yi mini askin suna. Suka zauna a zaure, ni na kai musu ruwa da kaskon toka. Ina komawa ciki na ji wanzamin ya ce, “Ke 'yar lakkol, dawo.” Haka yake kirana, wato 'yar makaranta.

Ya cire ƙahon farko ya juye a toka. Na sha ganin jinin ƙaho, baƙi ne, guda-guda. Wannan kuwa ja ne mai haske, tsararo, kamar ruwan da aka wanke nama a ciki. Toka ta shanye shi nan take.

“Sule,” in ji shi, “na gama.”

“Ɗaya ka cire fa. Saura uku.”

“Su ma cirewa zan yi. Ba zan ƙara tsaga ka ba.”

Baba ya yi 'yar dariya, kansa a sunkuye. “Tsufa ne ya kama ka, Ɗanjuma. Bakinka ba ya ja.”

“Bakina yana ja. Abin jan ne babu.” Ya juyo gare ni. “Tun wancan karon raina bai so shi ba, na yi shiru don kada ya ce na fiye tsoro. Ki kai ubanki asibiti yau. Ba gobe ba.”

Baba ya miƙe don ya nuna mana lafiyarsa lau. Ya yi taku biyu, ya dafa bango, sai ya sulale a hankali, kamar rigar da ta zame daga ƙusa. Ban yi ihu ba. Na tsaya ina kallon tafin ƙafarsa, fari fat, ina tunanin yaushe ƙafar Baba ta zama haka.

Da motar ɗaukar nama ta Sarkin Fawa aka kai shi. A asibiti, duk da mutum yana kwance a benci ba ya iya ɗaga kai, sai da na bi layin sayen karne, na bi layin biya, na dawo aka ce tambarin bai fito ba, na sake komawa. Ba zan ɓoye ba, na ji haushin wannan, kuma har yanzu ina ji. Amma da muka shiga wurin likita, ba ta ɓata lokaci ba. Mace ce 'yar kudu, gajera, mai saurin magana. Kafin ta taɓa kowane awo, ta sa babban yatsa ta ja fatar idon Baba ta ƙasa.

Na san wannan. Ina 'yar shekara takwas Baba ya tafi da ni kara, ya kama kan wata saniya mai kyan gani, ya ja fatar idonta ya nuna mini. “Kin gani, Uwata? In ciki ja ne, lafiya. In fari ne, ko kyauta aka ba ki ki bar musu.” Na yi wa tumakin Inna haka har suka tsane ni. Mako biyu ina kallon fuskar mahaifina, ban ja fatar idonsa ba. Shi ma da yake duba idon shanu kowane mako bai taɓa tsayawa gaban madubi ba. Cikin idon Baba fari ne kamar takarda.

Likitar ta tambaye ni magungunan da yake sha, na faɗa. Ta tambayi tsagar da ke bayansa, na faɗa. Sannan ta ce in tambaye shi ko bayan gidansa baƙi ne, kamar kwalta.

Na kasa. Na juya na gaya wa Inna a kunne, Inna ta sunkuya ta tambaye shi. Baba ya kalli bango ya ce, “Tun kafin azumi.” Inna ta dafe ƙirji. Wata biyar ke nan ko fiye, kuma ba wanda ya sani, domin ba magana ce da namiji zai yi da iyalinsa ba. Likitar ta ce wannan baƙin jini ne, jinin da ke zuba a cikinsa, ya dahu kafin ya fito.

Haka muka isa tagar labo. Da injin ya tsaya, mai gwajin, wani Bafillace dogo mai sanyin murya, ya ɗauko wani tsinken gilashi, siriri kamar tsinken tsintsiya, ya ɗora a kan wani kati mai layuka. Ya duba, ya duba Baba, ya ce da Fillanci, “Da ƙafarsa yake yawo har yau da safe?” Na ce e. Bai yarda ba, ya sake ɗibar jini ya sake juyawa. Muka sake jin ƙarar minti biyar.

Da ya ga ina jin Faransanci kuma na ƙi matsawa daga tagar, ya ɗaga tsinken ga haske ya yi mini bayani. Ja ya kwanta a ƙasa, ruwa mai launin rawaya ya hau sama. Ya ce ana auna tsawon jan a cikin kashi ɗari, shi ne ematokrit. A namiji mai lafiya, jan yana kusan kaiwa rabin tsinken. Ya sa farce a inda ya kamata ya kai, sannan ya saukar da farcen ƙasa, ƙasa, zuwa inda na Baba ya tsaya. Goma sha huɗu. Ɗaya awon kuma, emoglobin, shi ne abin da ke cikin jan mai ɗaukar iska zuwa jiki. Ya kamata ya haura goma sha uku. Na Baba huɗu ne da ɗigo shida.

Baba ya buɗe ido ya ce a miƙo masa ya gani. Mai gwajin ya sunkuyo da tsinken. Baba ya dube shi irin duban da yake yi wa dabba a kara, ya karkata kai, ya ce, “Da saniya ce, ba zan saya ba.”

Mai gwajin ya yi dariya. Ni kuwa a nan ne kuka ya zo mini.

Aka ce sai an ƙara masa jini, kuma leda ɗaya ba za ta isa ba. Ɗakin ajiyar jini ya ba da ta farko saboda gaggawa, amma sauran sai mun kawo masu bayarwa, mutum biyu a kan kowace leda. Na naɗe hannun rigata na shiga gaba. Matar da ke ɗibar jinin ta soki yatsana, ta ɗiga a wata 'yar na'ura, ta jira, ta juyo da ita na gani. Goma da ɗigo huɗu.

“Ke ma nema kike,” in ji ta. “Sai mace ta haura goma sha biyu muke ɗiba.”

Na ce mata 'yar mahauci ce ni. Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba. Ta ce mahauta ma mutane ne, in matsa.

Inna tana da hawan jini, aka ƙi ta. Gwaggo Ladi tana da 'ya'ya maza uku, ta tsaya tana murza bakin mayafi tana cewa ta ji an ce wanda aka ɗebi jininsa ba ya ƙara komawa daidai, kuma dukkansu masu iyali ne. Ina son Gwaggo, ita ta kwana uku tana dafa mana abinci daga baya, amma a wannan yammacin na kasa kallon fuskarta.

Bayan la'asar Sarkin Fawa ya dawo da motar, mahauta tara a baya, wasu ko rigar aiki ba su cire ba. Warin kwata ya cika barandar, wata nas ta toshe hanci.

“Ina mai ɗibar?” in ji Sarkin Fawa. “Kullum muna zubar da na shanu a magudana, yau a taɓa namu.”

Akwai wani a cikinsu, Isa Ƙato, wanda shi kaɗai yake kayar da bijimi. Yana ganin allurar ya ce a ba shi minti ɗaya, ya jingina da bango, ya suma. Da aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, Sarkin Fawa ya ce, “Sannu, Hajiya. Mace kika samu ko namiji?” Har masu jinyar wasu sai da suka yi dariya. Isa ya tashi ya miƙa hannu, ya kawar da kai. An karɓi na mutum biyar cikin tara. Baba Ɗanjuma ma ya zo, aka ce shekarunsa sun wuce. Ya je ƙarƙashin darbejiyar da ke tsakar asibitin ya zauna da zabirarsa a cinya, bai tashi ba sai da aka kira magariba.

Na zauna ina kallon ledar farko tana ɗiga. Ban taɓa sanin jini yana da nauyin launi haka ba. Kowace safiya ana zuwa a ɗiba a kai labo, ni kuma in bi layi in karɓo takarda. Na koyi neman layuka biyu kawai a cikin dogon jerin, in bar sauran. Biyar da ɗigo takwas. Washegari ya sauka zuwa biyar da ɗigo uku, na fita baranda neman likita. Likitar ta ce ba abin mamaki ba ne. “Muna zubawa ta sama, yana fita ta ƙasa. Ba nama ya rasa ba, yoyo yake yi.” Wannan maganar ta zauna mini. Baba da ke karyawa da hanta tun yana yaro, randa ce mai tsaga.

Sai an leƙa cikinsa da wata roba mai ido, wadda suke kira fibro, kafin a san inda yake yoyon. Mai yin ta ba kullum yake zuwa ba, muka jira kwana shida. A kwanakin nan Gwaggo ta riƙa kawo zoɓo a jarka, ta ce ja ne, kai tsaye zai wuce jijiya. Wata mai jinya a gadon kusa ta ce a dama tumatirin gwangwani da madara. Na tambayi likita, ta ce zoɓo abin sha ne mai daɗi, in cikin ya warke ya sha, amma ba jini ba ne.

Fibro ta nuna gyambo a cikin Baba. Ƙwayoyin gajiyar nan, biyu kowace safiya a kan cikin da ba komai, su suka ci bangon har ya fara zuba. Jinin yana raguwa, kai yana ciwo, sai ya ƙara ƙwaya. Ƙeya ta yi nauyi, sai ya kira wanzami a ɗebe sauran. Ganga a kunne zuciyarsa ce take gudu don ta rarraba ɗan abin da ya rage. Ƙanƙarar ma, in ji likita, alama ce, jikin da ƙarfen jini ya ƙare masa yakan nemi taunar abin da ba abinci ba. Duk abin da muka gani a gida yana da suna a wurinta, mu kuma mun ba kowanne suna dabam.

An sallame mu a mako na uku, leda uku ta shiga, emoglobin bakwai da ɗigo shida. Aka ba shi maganin gyambo da ƙwayar ƙarfe, ni ma aka ba ni tawa. Aka ce kada a sha ta kusa da shayi, shayi yana hana ta shiga jiki. Wannan ya fi komai yi wa Baba zafi. Aka kuma gargaɗe mu cewa ƙwayar ƙarfen ita ma tana baƙanta bayan gida, kada mu tsorata, amma in jiri ya dawo mu koma. Kowane wata muna zuwa tagar labo. Tara. Goma sha ɗaya. A wata na biyar, mai gwajin ya ɗaga tsinken ya kira Baba, “Alhaji, zo ka ga saniyarka.” Jan ya kusa rabi. Baba ya ce yanzu a yi ciniki.

Ba na zagin ƙaho, domin wanzami ne ya fara ganin abin da mu masu karatu ba mu gani ba. Abin da nake roƙo ƙarami ne. In babba a gidanku ya fara zama a hanyar masallaci, ku ja fatar idonsa. In fari ne, ku je a ɗiga jinin yatsa, ba ya ɗaukar lokacin shan shayi. Ku kuma nemi wanda ba ya jin kunyarsa ya yi masa tambayar da na kasa yi.

Shekara ta zagayo, Baba ya koma saɓa cinyar saniya. Wata rana zai sabunta katin ɗan ƙasa, ya ce in duba masa tsohon a jakar fatar da yake ajiye wuƙaƙen ubansa. A ƙasan jakar na sami wata takarda an ninke ta huɗu, maiƙo ya taɓa gefenta. Ta wani ƙaramin asibiti ce a Gider, da sunan Baba. Idona ya tafi kai tsaye ga layukan nan biyu. Emoglobin takwas da ɗigo tara, an ja layi a ƙasa da jan biro. An rubuta ya dawo bayan kwana uku tare da wani nasa. Kwanan watan ya riga ranar ƙaho da wata huɗu.

Na same shi a zaure yana wasa wuƙa. Na ajiye takardar a gabansa. Ya dube ta, bai daina wasawa ba.

“Jiri ne ya ɗebe ni a kara, wani Bafillace ya kai ni. Sun yi ta Faransanci. Na dai ji an ce jini ya ragu.”

“Baba, me ya hana ka faɗa?”

“Wa zai karanta mini? Mai karanta mini tana jarrabawa.”

Na sake duba kwanan watan. Makon jarrabawar zangon farko ne. Sai na tuna a makon nan an kira ni daga tashar mota a Ngaundere in zo in karɓi saƙo. Kilishi ne, ƙunshi babba, wanda ya fi kowane da ya taɓa aiko mini. Da yamma ya kira ni a waya, muryarsa kamar kullum, ya ce, “Uwata, ki ci da yawa, kada ki rabar. Yana ƙara jini.” Na yi dariya na ce to, na kuma rabar wa 'yan ɗakinmu.